Jakar Ko-ta-kwana: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Da misalin ƙarfe biyu da rabi na daren Litinin, wayewar garin Talata 10 ga Satumbar 2024, wayata ta yi ƙara. Ƙanena ne, wanda ke aikin koyarwa a Maiduguri, yake kuma zaune da iyalinsa a unguwar Gwange. Abin da kawai na iya tsinta cikin hayaniya da kukan yara shi ne, "Yaya, ruwa ya shigo mana gida, za mu fita." Kafin in tambaye shi ina suka nufa, wayar ta katse. Ban sake jin muryarsa ba sai da yammacin Alhamis. Duk wanda ya taɓa kwana biyu yana kiran lambar ɗan'uwansa ana ce masa a kashe take, ya san irin zaman da muka yi a Kano a waɗannan ranaku.

Mai karatu zai iya tuna cewa a daren ne madatsar ruwa ta Alau, wadda ke kan Kogin Ngadda, ta ɓalle, ruwa ya malale wani babban sashe na birnin, har da Kasuwar Monday, da harabar fadar Shehun Borno, da gidan ajiye namun daji na Sanda Kyarimi. Dubban ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni, aka sake buɗe sansanin Bakassi da aka rufe a baya domin a tsugunar da su, sannan a watan Oktoba aka ba da sanarwar ɓarkewar cutar kwalara a jihar. Shekara 30 kafin wannan, wato a 1994, wannan madatsa ta taɓa yi wa garin irin wannan ta'adi.

Allah Ya kuɓutar da ƙanena da iyalinsa gaba ɗaya, muna godiya. To amma abin da ya faɗa mini bayan hankali ya kwanta shi ne dalilin wannan rubutu. Ya ce, "Wallahi Yaya, na samu kusan minti goma kafin ruwan ya kai gwiwa, amma sai na ƙarar da su ina zagaye ɗaki ina tunanin me zan ɗauka." A ƙarshe ya fita da darduma da makullin motar da ruwa ya riga ya shanye. Ya bar takardun karatunsa tun daga na firamare har na digiri, ya bar takardar filinsa, ya bar maganin hawan jinin surukarsa da ke zaune tare da su, wadda ta kwana uku ba ta sha ba. Wayarsa ta mutu tun kafin gari ya waye, kuma ko da ya samu aron ta wani, sai ya tarar bai haddace lambar kowa a cikinmu ba. Mutum ne mai ilimi da natsuwa, amma firgici ba ya tambayar takardar shaida kafin ya kama mutum.

Daga nan na fahimci cewa amfanin jakar ko-ta-kwana shi ne ta ɗauke wa mutum nauyin yanke shawara a lokacin da ƙwaƙwalwarsa ba ta iya yankewa. Tunanin da ya kamata a yi cikin minti goma a duhu, ruwa na hauhawa, sai a yi shi tun da wuri da rana tsaka, cikin kwanciyar hankali, a zuba sakamakon a cikin jaka guda a ajiye kusa da ƙofa. Magabata sun riga sun taƙaita zancen da suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da muka gada muka yar

Wasu za su ɗauka wannan al'ada ce ta Turawa da ake son ɗora mana. Gaskiya ne ƙasashe irin su Japan sun mayar da abin tsari, inda suka keɓe ranar 1 ga Satumba ta kowace shekara domin atisayen kauce wa bala'i, tunawa da girgizar ƙasar 1923 da ta rusa Tokyo. Gaskiya ne kuma hukumomin agaji a Amurka da Turai kan shawarci kowane gida ya tanadi abin da zai riƙe shi na sa'o'i 72, wato kwana uku, domin galibi kafin nan agaji bai gama isa ga kowa ba. Amma Bahaushe bai jira kowa ya koya masa guzuri ba. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja fataucin goro suna da burgami da taiki, matafiyin sahara yana da salkar ruwa, almajiri yana da gafaka, wanzami yana da zabira, makiyayi kuma ba ya fita ba tare da gora da sanda da malafa ba. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙafa ta Chadi da Sudan, wasunsu suka share shekaru a hanya, sun san abin da ake ɗauka da abin da ake bari. Mu ne 'yan boko, da muka samu mota da waya da katin cirar kuɗi, muka ɗauka cewa duk abin da muke buƙata yana nan a shago yana jiranmu a kowane lokaci.

Wasu kuma za su ce ai wannan kiran masifa ne, ko raunin tawakkali. Na ji wannan daga bakin mutanen da nake girmamawa. Amsata ita ce malamai sun karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) ya umurci wani mutum ya fara ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah, kuma kowa ya san ƙissar Annabi Yusuf (AS) da tanadin hatsin shekaru bakwai na yalwa domin shekaru bakwai na fari. Wanda ya sayi laima bai kira ruwa ba. Hasali ma ruwan ya daɗe yana zuwa ba da gayyatar kowa ba. A 2012, bayan an saki ruwan madatsar Lagdo da ke Kamaru ga kuma damina mai ƙarfi, Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, ta ce mutum 363 suka rasu, fiye da miliyan biyu suka bar gidajensu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600. A ƙarshen watan Mayun 2025 kuma garin Mokwa da ke Jihar Neja ya wayi gari da ambaliyar da ta ci rayuka fiye da 150. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Zaɓen jaka

Jakar goyo, wato wadda ake ratayawa a kafaɗu biyu, ita ce ta dace, domin tana barin hannuwa biyu a sake. Mai gudun ruwa ko gobara yana buƙatar hannun da zai riƙe yaro da wanda zai tallafi tsoho ko ya dafa bango. Akwati mai taya ba ya tafiya a cikin taɓo, jakar nan da ake kira Ghana-must-go kuwa hannunta kan tsinke a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

Ana auna girman irin waɗannan jakunkuna da lita, kuma mai ɗaukar lita 25 zuwa 35 ta wadatar da babban mutum na kwana uku. Kada a ruɗu da babba, domin duk gurbin da mutum ya gani sai ya cika shi. Idan aka je saye, ko sabuwa ce ko ta gwanjo irin waɗanda ake samu a Ƙofar Wambai a Kano ko Kasuwar Barci a Kaduna, abubuwa huɗu za a duba. Na farko ɗinkin da ya haɗa maratayan da jikin jakar, a ja shi da ƙarfi a gani, domin nan ne yake fara yagewa. Na biyu zif, a buɗe a rufe sau da dama, kuma mai manyan haƙora ya fi jure ƙura. Na uku faɗi da laushin maratayan, saboda siriri yana yankan kafaɗa. Na huɗu ɗamarar ƙugu, wadda ke sauke nauyi daga kafaɗu zuwa kwankwaso, kuma duk wanda ya yi tafiyar awa guda da kaya zai san darajarta. Sau da yawa tsohuwar jakar gwanjo mai ƙwari ta fi sabuwa mai sheƙi, tunda dai araha ba ta ado.

Akwai kuma abin da littattafan ƙasashen waje ba za su faɗa mana ba. A can ana yayin jakunkuna masu launin kakin soja, masu aljihuna da igiyoyi ko'ina. A nan ƙasar, farar hula da ya doshi shingen jami'an tsaro da tsakar dare ɗauke da irin wannan jaka ya jawo wa kansa tambayoyin da ba shi da lokacin amsawa. Ba mu manta da shekarun tashin bama-bamai ba, lokacin da mai jakar goyo ya zama abin tsoro a kasuwa da tasha da ƙofar masallaci. Saboda haka a nemi mai launi marar jan ido, baƙa ko ruwan toka ko shuɗiya, wadda in an gan ta za a ce ta ɗan makaranta ce. Haka nan kada a sa wani abu a ciki da zai yi kama da makami. Ƙaramin almakashi ya isa yawancin abin da wuƙa za ta yi.

Kuskuren da na fara yi

Da na tashi haɗa tawa, sai na ɗauki Dala ba gammo. Na zuba ruwan roba shida, da gwangwanayen kifi da madara, da tufafi kala huɗu, da ƙaramin risho, har da littattafai biyu. Na kai ta wurin mai sayar da iskar gas a unguwarmu ya ɗora a sikelinsa, ta ba da kilo 19. Washegari bayan sallar asuba na goya ta domin gwaji, ban cika kilomita biyu ba na nemi dakali na zauna ina haki, wani dattijo mai wucewa har ya tsaya yana tambayata ko baƙo ne ni na ɓata hanya. A ranar na gane cewa jakar da ba za ka iya tafiyar awa biyu da ita ba, yar da ita za ka yi a hanya, da abin buƙata da na banza gaba ɗaya.

Masu tafiye-tafiyen ƙafa suna da ƙa'idar cewa kaya kada su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ɗauka. Mai kilo 70 ke nan iyakarsa kilo 14, kuma ga irinmu da muka saba da kujerar ofis, kilo 10 ya fi zama gaskiya. Tawa a yanzu kilo 9 ce. Ma'aunin da na bi wajen ragewa shi ne tambaya ɗaya a kan kowane abu: idan babu wannan, me zai same ni cikin kwana uku? Duk abin da amsarsa ita ce "zan ɗan takura", na fitar da shi.

Abin da ke ciki

Takardu ne farko, domin su ne abin da kuɗi ba ya saye a kasuwa. Ƙanena ya share watanni yana zirga-zirga tsakanin kotu da ofisoshi yana rantsuwa da neman madadin takardunsa, wasu har yau bai samu ba. A haɗa takardun haihuwa na kowa a gidan, da na makaranta, da takardar lambar ɗan ƙasa ta NIN, da fasfo, da takardun fili ko gida, da na ɗaukar aiki da fansho, da katin asibiti, a sa su cikin leda mai zif, a sake sa wannan cikin wata. Sannan a ɗauki hotonsu duka a tura wa kai ta imel, a kuma aika kwafi ga wani ɗan'uwa amintacce da ke zaune a wani gari, domin bala'in da ya ci unguwarka zai iya cin ta maƙwabcinka.

Na biyu magani. Duk gidan da ke da mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko asma, ko farfaɗiya, ko sikila, to a ware maganin mako guda a ajiye a jakar, tare da takarda mai ɗauke da sunan maganin da yadda ake shansa, ta yadda ko wani likita daban aka samu zai gane. Mai allurar insulin ya tambayi likitansa yadda zai adana ta, tunda zafi yana lalata ta. Bayan wannan sai farasitamol, da bandeji, da filasta, da auduga, da maganin wanke ciwo, da sabulu, da tsohon tabarau ga mai amfani da shi. A haɗa da ƙunshin gishirin nan na masu gudawa da ake sayarwa a kemis. In babu shi, ana haɗa na gida da litar ruwa mai tsabta guda, da ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, da rabin cokali na gishiri. Bayan ambaliya, gudawa da amai kan kashe yara fiye da yadda ake zato, kuma wannan haɗin mai sauƙi yana ceton rai.

Na uku ruwa, kuma a nan ne lissafi ke da wuya, domin kowace lita kilo guda ce, mutum kuma yana buƙatar kusan lita uku a rana don sha kawai a irin zafinmu. Ba mai iya goya ruwan kwana uku tare da sauran kaya. Dabarar ita ce a ɗauki lita biyu, sannan a tanadi hanyar tsabtace wanda za a samu a gaba, wato ƙwayoyin kulorin irin su Aquatabs ko ruwan WaterGuard, a bi umarnin da ke jikinsu. A ƙara da ƙaramin kofin ƙarfe da ashana ko laita a cikin leda, domin ruwan da aka tace da ƙyalle mai tsabta aka bar shi ya tafasa sosai na minti guda ya zama abin sha. Abin takaici a ambaliya shi ne ruwa ya kewaye mutum ta ko'ina amma babu na sha, saboda ya gauraya da na masai da kwatami.

Na huɗu abinci, kuma a nan ba mu da abin koyo daga kowa. Ƙuli-ƙuli, da dabino, da soyayyar gyaɗa, da aya, da kilishi, da garin rogo tare da sukari da madarar gari, duk ba su da nauyi, ba sa buƙatar wuta, suna riƙe ciki, kuma yaranmu sun san su. Gwangwani nauyi ne, taliya kuma sai da tukunya da wuta da ruwa. A dai lura cewa kilishi da gyaɗa ba sa daɗewa kamar dabino da gari, don haka a riƙa sauya su.

Na biyar haske da labari. Ƙaramar tocila, musamman irin wadda ake ɗaurawa a goshi, da batir na ajiya da aka cire daga cikinta don kada ya zube ya lalata ta. Sai fawa-bank mai caji da igiyarsa, da ƙaramin rediyo. Waɗanda suka ga yadda yawancin jihohin Arewa suka share fiye da mako guda babu wutar lantarki a watan Oktoban 2024 sun san cewa waya ba ta da amfani idan babu inda za a caja ta, rediyo kuwa batir biyu suna riƙe shi kwanaki. A sa usur ma, domin wanda ya maƙale a kan rufi muryarsa za ta dishe cikin awa guda, amma usur ana jin sa daga nesa.

Na shida tsabar kuɗi. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya mana cewa mutum zai iya mallakar miliyoyi a banki ya kasa sayen burodi. Ranar bala'i na'urar ATM ba ta da wuta, mai POS shi ma yana gudun ransa. A ajiye abin da zai isa kuɗin mota zuwa garin dangi da abincin kwana uku, a ƙananan takardu na naira 200 da 500, tunda ba mai ba da canji a irin wannan rana, kuma a raba su wuri biyu.

Na ƙarshe sutura: kaya kala ɗaya, da rigar ruwa, da zane ko mayafi mai kauri wanda zai zama shimfiɗa ko bargo ko labule ko abin goyo, da gidan sauro, saboda kwanan fili bayan ruwa zazzaɓi ne ke biyo bayansa. A ajiye takalmi rufaffe a gefen jakar, domin silifas ruwa ke fara tafiya da shi, ƙarƙashin ruwan kuma akwai kwalba da ƙusa da kwano. A nan dole in amsa laifina: jerin da na fara rubutawa babu audugar mata, babu kunzugun jariri, babu abincin yaye. Maiɗakina ce ta karɓi takardar ta duba, ta ce, "Malam, wannan ai jakar gwauro ka haɗa." Duk magidancin da zai yi wannan aiki ya zauna da iyalinsa, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A gida mai yawan jama'a kuma, kowane babba ya samu tasa jakar, yaran da suka tasa su ɗauki ruwansu da tufafinsu.

Yadda ake shirya ta

Babu jakar da ruwa ba ya shiga, ko me mai sayarwa ya faɗa. A fara shimfiɗa babbar leda mai kauri a ciki, a zuba komai a cikinta, a murɗe bakin. Abubuwa marasa nauyi da ba a buƙata da wuri, irin su tufafi da gidan sauro, su zauna a ƙasa. Masu nauyi irin su ruwa da abinci su zauna a tsakiya, manne da bayan mai ɗauka, domin idan suka yi nesa da baya sai su riƙa jan mutum ta baya. Magani da tocila da rigar ruwa su kasance a sama inda hannu zai kai gare su a duhu. A ajiye jakar kusa da ƙofar fita, a wuri mai ɗan tudu, kowa a gidan ya san wurin, kuma a yi dokar cewa ba a aron komai daga ciki. Ni na ɗaure wa kaina duba ta sau biyu a shekara, a watan Mayu kafin damina ta kankama da kuma Nuwamba farkon hunturu, inda nake sauya ruwa da abinci, in duba ranar lalacewar magani, in caja fawa-bank, in kuma canza kayan yaran da suka yi musu kaɗan.

Idan abin bai same ka a gida ba fa?

Ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012, lokacin da aka kai hare-haren nan a Kano aka kuma sa dokar hana fita ta sa'o'i 24, a ofis na kwana tare da abokan aiki biyar, babu abin da ke tsakaninmu sai ragowar ruwan leda da biskit. A watan Oktoban 2022 kuma, da ruwa ya yanke hanyar Abuja zuwa Lokoja a wajen Koton Karfe, matafiya sun kwana da kwanaki a kan titi. Jakar da ke gida ba ta amfani wanda ke Koton Karfe da komai. Saboda haka jakar da mutum ke zuwa aiki da ita kullum, wadda yake sa kwamfuta da takardu, ya kamata ta zama ƙanwar waccan. A tawa akwai gorar ruwa, da dabino, da maganina na kwana biyu, da ƙaramar tocila, da fawa-bank, da filasta, da 'yan kuɗi a aljihun ciki, da katin shaida, da wata 'yar takarda mai lambobin waya. Duka ba su kai kilo biyu ba, kuma na fi amfani da su a ranakun da ba wani bala'i, irin ranar da mota ta lalace tsakanin Zariya da Kano ko aka tsaya dogon layin mai. Mai mota kada ya bar magani da fawa-bank a cikinta, domin zafin rana yana lalata su.

Jaka ba ta san hanya ba

Ranar 27 ga Janairun 2002, rumbun makamai ya yi bindiga a barikin soja na Ikeja da ke Legas. Mutane fiye da dubu suka rasu, kuma mafi yawansu ba fashewar ce ta kashe su ba, gudu suka yi cikin ruɗani suka afka cikin magudanar ruwa ta Oke-Afa. Darasin shi ne kaya ba sa maye gurbin shiri. Kowane gida ya amsa tambayoyi uku tun yanzu: ta ina za mu fita, ina ne tudu mafi kusa, kuma a ina za mu haɗu idan muka rabu? A 2021 an rufe layukan waya a Jihar Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna na tsawon makonni, don haka shirin da ya dogara kacokan a kan "zan kira ka" bai cika shiri ba. A zaɓi ɗan'uwa ɗaya a wani gari wanda kowa zai nema idan ya samu hanya, a sa yara su haddace lambarsa kamar yadda suke haddace karatun allo, ƙanana kuma a sa musu takarda mai suna da lamba a aljihu. A san lambar kiran gaggawa ta ƙasa, 112. A kuma sani cewa ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 60 kuwa yana tafiya da mota, don haka ba a jarraba shi.

Kada wani ya fahimci cewa ina sauke wa hukuma nauyin da ke kanta. Gyaran madatsun ruwa, da yashe magudanai, da hana gini a hanyar ruwa, da gargaɗi a kan lokaci, duk haƙƙin jama'a ne a kan gwamnati, kuma ya wajaba mu ci gaba da neman sa da babbar murya. NEMA tana nan tun 1999, jihohi suna da nasu hukumomin, sannan hukumar hasashen yanayi ta NiMet da ta kula da koguna ta NIHSA suna fitar da hasashen damina da na ambaliya kowace shekara, wanda ya kamata mu riƙa saurara mu kuma fassara wa waɗanda ba su yi boko ba. Amma ko a ƙasar da ta fi kowace tsari, jirgin ceto ba ya isa kowace ƙofa a daren farko. Wannan daren na mai gida ne da maƙwabtansa.

Na san halin da ake ciki na tsadar rayuwa, kuma na san akwai wanda abincin yau ma bai samu ba balle na ajiya. Shi ya sa na fuskanci wannan rubutu ga waɗanda Allah Ya hore wa albashi ko sana'a. Rabin abin da na lissafa yana cikin gidajenmu a warwatse, sauran kuma ana iya saye ɗaya bayan ɗaya a ƙarshen kowane wata. Wanda ya shirya ya rage wa masu agaji baki ɗaya da za su ciyar, ya kuma samu hannun da zai miƙa wa maƙwabcinsa. A jakata akwai ƙunshin gishirin gudawa fiye da buƙatar gidana, da gangan na yi haka.

Ƙanena ya koma gidansa bayan an yi gyara. Da na kai musu ziyara, na ga jaka shuɗiya rataye a ƙusa a bayan ƙofar falo, sama da layin da ruwa ya bari a jikin bango. 'Yarsa mai shekara bakwai ta tsaya a gabana ta karanto mini lambar wayata daga farko har ƙarshe ba tare da kuskure ba. Wanda bai fara ba, ya fara da daren yau: ya tattara takardun gidansa wuri guda ya sa su a leda. Allah Ya kiyaye mu daga bala'in da ke zuwa da dare da wanda ke zuwa da rana, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, amin.